Motar Biliyoyin Naira a Kan Titunan Bauchi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in faɗi albarkacin bakina a kan wata sha'awa da na ga tana shiga zukatan wasu masu hannu da shuni na ƙasar nan, ta kuma fi kama zukatan 'ya'yanmu da jikokinmu waɗanda ko keke ba su mallaka ba, wato sha'awar mallakar motocin tsere na alfarma irin su Bugatti da Ferrari da Lamborghini. Ni tsohon malamin kanikanci ne, na shafe mafi yawan rayuwata ina koya wa yara kwance inji da ɗaure shi, saboda haka ba a matsayin maƙiyin mota nake magana ba. Har gobe idan na ji inji mai lafiya yana aiki sai na tsaya na saurara, kamar yadda mai doki yake tsayawa idan ya ji haniniya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da na gani da idona a ƙarshen daminar da ta wuce, a wajen wani biki a nan cikin garin Bauchi. Wani daga cikin abokan ango ya sa an kawo masa irin wannan mota, ja wur, ƙirar Italiya. Ba da ƙafarta ta zo ba, a bayan wata babbar mota aka ɗauko ta tun daga Abuja, an ɗaɗɗaure tayoyinta an lulluɓe ta da tamfol. Da aka sauke ta aka tayar, ƙararta ta sa yaran unguwa suka fito kamar an yi shelar hawan Sallah, ni ma ban ɓoye ba, na matsa kusa na leƙa. Tsawonta daga ƙasa bai wuce ƙugun mutum ba, kujera biyu ce kacal a cikinta, injin kuma a baya yake, ana hango shi ta cikin gilashi. Daga bakin titi zuwa ƙofar gidan bikin bai fi taku ɗari biyu ba, amma akwai tudun rage gudu guda biyu da mutanen unguwa suka yi saboda 'yan acaɓa, sannan akwai ɗan gangaren kwalbati da ruwa ya zaizaye. A tudu na farko saurayin ya karkace motar ya hau a gicciye, ya tsira da ƙyar. A na biyu muka ji ƙasan motar ya goga da wata ƙara mai tsinka zuciya, ya tsaya cik. Sai da aka aiki yara gidan wani kafinta suka ciccibo katakai, aka jera su gaban tayoyi, mutum huɗu suna durƙushe a ƙasa da shaddodinsu suna leƙen ƙarƙashinta suna cewa a hankali, a hankali. Ana cikin haka wani mai Keke Napep ɗauke da buhunan gawayi ya raɓa ta gefe, ya haye tudun ya yi gaba ko waiwaye bai yi ba.

Washegari wata fitila ta kunna kanta a gaban direba, motar ta ƙi karɓar giya. Aka kira wani tsohon ɗalibina, wanda a yau ana lissafa shi cikin ƙwararrun kanikawan garin nan, shi kuma ya biyo ta gidana ya ce, "Malam, zo ka raka ni, kada in je in taɓa abin da zai sa a sayar da garejina." Mun je mun zagaya ta, mun duƙa mun duba, muka ga inda ƙasanta ya tsage. Ba ƙarfe ba ne balle a kai wa mai walda, wani irin saƙaƙƙen zaren kabon ne da ake ƙerawa da danƙo, wanda idan ya tsage sai dai a sake sabo. Na'urar da yaron nan yake gwada motoci da ita kuwa ko gaisawa da kwamfutar motar ba ta iya yi ba. Ya haɗa sifanunsa ya ce wa mai motar gaskiya, aka sake kiran babbar motar da ta kawo ta.

Kafin in ci gaba, ya kamata in ba waɗannan motoci haƙƙinsu, domin wanda ya san wahalar daidaita inji mai silinda huɗu shi ya fi kowa sanin abin da maƙeransu suka yi. A shekarar 2005 kamfanin Bugatti, wanda Volkswagen ta Jamus ta saya a 1998, ya fito da motar da ya kira Veyron daga masana'antarsa da ke Molsheim a Faransa. Injinta silinda 16 ne, lita 8, da na'urori huɗu masu hura masa iska, yana ba da ƙarfin doki 1,001, wato kamar a haɗa injin Corolla bakwai ko takwas a cusa su a mota ɗaya. Zafin da wannan inji yake fitarwa ya sa sai da aka yi mata lagireto 10. Tana gudun kilomita 407 a awa ɗaya, kuma ba a barin direba ya kai wannan gudu sai ya tsaya ya sa wani makulli na biyu a gefen kujerarsa, wanda zai sa motar ta ƙara kwantawa har tazarar da ke tsakaninta da ƙasa ta koma kimanin santimita 6 da rabi, abin da bai kai faɗin tafin hannu ba. Guda 450 kawai aka ƙera cikin shekara goma. Wadda ta gaje ta a 2016, mai suna Chiron, ƙarfin doki 1,500 gare ta, kuma a 2019 wani samfurinta ya yi gudun kilomita 490 a awa. Duk wanda ya ce wannan ba fasaha ba ce, to bai taɓa riƙe sifana ba.

Sai dai a lura da inda aka yi wannan gudu. A wani filin gwaji na Volkswagen ne da ake kira Ehra-Lessien a Jamus, wanda yake da miƙaƙƙiyar hanya ta kusan kilomita 9, a killace, babu mahaɗa, babu kasuwa, babu akuya. Motar da ke gudun kilomita 400 a awa tana cinye mita 110 da 'yan kai a kowace daƙiƙa, tsawon filin ƙwallo ke nan kafin mutum ya ƙifta ido sau biyu, kuma a gwajin da Bugatti ta yi da kanta a 2017, da ƙwararren direban tsere a kan sitiyari, sai da Chiron ta ci kusan rabin kilomita tana birki kafin ta tsaya. Yanzu mai karatu ya ɗauko wannan lissafi ya ɗora shi a kan hanyar Bauchi zuwa Gombe, ya tuna ranar kasuwar Alkaleri, ya tuna gadar Dindima, ya tuna garken shanu da ke tsallakawa da yamma da tirelolin siminti da ke tahowa daga Ashaka. Ko ya ɗora shi a kan hanyar Jos, da kwanoninta da hawa da gangara daga Nabordo zuwa Toro. Dokar hanya ta ƙasar nan ma ta riga ta yanke magana, domin ƙaramar mota ba ta da izinin wuce kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a kan tagwayen hanyoyi na gudu. Ma'ana, mutum ya biya kuɗin gudun 400, doka ta ba shi rubu'i, ramukan titi kuma su karɓe rabin wannan rubu'in. Ko da an share masa hanyar Gombe tas, tankin Veyron mai cin lita 100 yana ƙonewa cikin minti 12 idan aka sake ta, saboda haka wajen rabin hanya zai tsaya neman mai.

Man ma wata matsala ce. Irin waɗannan injina an ƙera su ne domin fetur mai lambar oktan 98, wato lambar da ake auna ƙarfin fetur da ita, mu kuwa fetur iri ɗaya ake sayarwa a gidajen manmu, lambarsa wajen 91 take, shi acaɓa ke sha, shi janareta ke sha. Ba mu manta da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi ƙasar nan a farkon 2022 ba, wanda ya kwantar da motoci masu yawa. Tsohuwar Peugeot tana iya shan irin wannan ta yi tari ta wartsake, amma injin da aka auna komai nasa da ma'aunin gashin ido ba ya yafiya. Ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ga zafin Maris da Afrilu da ke kaiwa digiri 40, ga ruwan Agusta da ke kwanciya a kan titi har ya rufe idon sawu, alhali hancin motar da wuraren shan iskarta a nan ƙasa suke.

Sayen motar shi ne mafi sauƙin abin da mai ita zai yi. Juyen baƙin mai kaɗai na Veyron yana cin kimanin dala 20,000, domin wuraren tsiyaye man guda 16 ne, kuma sai an kwance wani sashe na jikin motar kafin a kai gare su. Tayoyinta kamfanin Michelin ne ya ƙera mata su ita kaɗai, saitin huɗu ya haura dala 25,000, kuma ba abin da mai faci na Wunti zai iya yi da su ko da ƙusa ce ta huda. Kamfanin yana da wasu ƙwararru da yake kira likitoci masu tashi sama, waɗanda ke hawa jirgi su je duk ƙasar da mota ta samu matsala. Kowace ƙusa da kowace roba da yuro ko dala za a saye su, a biya jirgi, a biya kwastan, a jira. Tun da gwamnati ta saki naira kasuwa ta riƙa yanka mata farashi a tsakiyar 2023, dala ta haura naira 1,500 a shekarar da ta biyo baya, kowa ya san abin da wannan ke nufi. Farashin Chiron a lokacin fitowarta yuro miliyan 2.4 ne tun ba a sa kuɗin fito ba, wanda ko da an lissafa yuro ɗaya a kan naira 1,600 ya kusa naira biliyan 4. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 sai ya yi fiye da shekara 4,500 yana tarawa bai ci bai sha ba.

Na san abin da za a ce mini, domin an riga an faɗa mini a majalisarmu ta bayan la'asar: kuɗinsa ne, halal ɗinsa ne, ina ruwanka? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba ni da nufin haramta abin da Allah bai haramta ba. A cikin Suratun Nahli an ambaci dawaki da alfadarai da jakuna cewa an halicce su domin hawa da kuma ado, aka kuma ce Yana halittar abin da ba ku sani ba, malamanmu da yawa sun sa ababen hawan zamani a cikin wannan. Hadisi ya tabbata cewa son kyakkyawar tufa da kyakkyawan takalmi ba shi ne girman kai ba, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Mu Bauchi ma ba baƙin ado ba ne, duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Bauchi ranar hawa ya san cewa manyanmu sun daɗe suna kashe dukiya a kan abin hawan da ba noma yake yi musu ba.

To amma a dubi dokin nan da kyau, a bi sawun kuɗin da ake kashe masa. Mai kula da barga ɗan unguwa ne, yana ci yana ciyar da iyalinsa. Yaron da ke yanko ciyawa da damina yana samun na kashewa. Manomin ƙauye yana sayar da harawa da dawa, mai injin niƙa yana sayar da dusa, 'yar kasuwa tana sayar da kanwa. Maƙeri ne ke ƙera linzami da likkafa, baduku ne ke ɗinka ragama da kayan sirdi, maɗinki ne ke yi wa jalala ado, mai algaita da makaɗi da zagi kowa yana da rabonsa ranar hawa. Kashin dokin ma ba a zubar da shi, gona ake kai shi. Idan ya yi ciwo akwai tsohon da ya san maganinsa a cikin gari. Ado ne, gaskiya, har da ɗan alfahari a ciki, amma ado ne da ke zubar da ɓarɓashinsa a ƙofar gidajen maƙwabta. Ita kuwa wannan mota, daga ranar da aka saye ta har ranar da za ta mutu, kuɗinta hanya ɗaya ya sani, ita ce ta ƙetare. Bakaniken Bauchi ba zai taɓa ta ba, mai faci ba zai taɓa ta ba, mai fenti da mai walda da mai sayar da kayan gyara na kasuwar Muda Lawal duk 'yan kallo ne. Iyakar abin da garin nan ya samu daga jar motar da na ba da labari shi ne 'yan kuɗin da aka ba yaran da suka ɗauko katako. Akwai kuma wani abu da ya kamata malamai su ja hankalin masu dukiya a kai: abin hawan da mutum ya ajiye domin kansa ba a fitar masa da zakka, saboda haka naira biliyan 4 da za ta fitar da miliyan 100 duk shekara idan tana cikin kasuwanci, da zarar ta koma mota a gareji rabon talaka a cikinta ya yanke.

Wani abin da ke ci mini rai shi ne tarihin su kansu masu waɗannan sunaye. Ferruccio Lamborghini ɗan manoma ne, kuma da taraktocin noma ya fara a 1948, yana harhaɗa su daga ragowar motocin soja da Yaƙin Duniya na Biyu ya bari. Sai da ya yi arziki da tarakta sannan ya kafa kamfanin motocin tsere a 1963. Wato Italiya ta fara ƙera abin da zai noma mata abinci, ta horar da maƙera da injiniyoyi, sannan ta kai ga abin ado, kuma idan Ba'italiye ya sayi irin wannan mota, albashin ɗan ƙasarsa ya biya a Maranello ko Sant'Agata, garuruwan da ake ƙera Ferrari da Lamborghini. Mu ma an taɓa ɗora mu a kan wannan turba. A shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta kafa masana'antun harhaɗa motoci, Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO a Inugu, Fiat a Kano, mu kuma a Bauchi aka kawo mana Steyr mai harhaɗa taraktoci da manyan motoci. Da yawa daga cikin yaran da na koyar a farkon aikina burinsu ke nan su shiga can. A yau manomin Ganjuwa ko Kirfi yana bin layin hayar tarakta har lokacin huɗa ya wuce, mu kuma muna so mu tsallake matakin tarakta mu dira a kan na ƙarshe da kuɗin da ba mu ƙera komai muka same shi ba.

Wasu kuma suna cewa ajiya ce, wai darajar irin waɗannan motoci hawa take yi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin wasu 'yan ƙalilan da aka ƙera kaɗan sukan ninka kuɗinsu a wajen gwanjo. Amma masu sayensu takardun gyara suke fara dubawa, su ga ko wakilin kamfani ne ya riƙa kula da ita, a wane ɗaki aka ajiye ta, wane mai ta sha. Motar da ta sha ƙurar hunturu biyar, ƙasanta ya gogi tudun unguwa, wa zai saye ta, kuma a ina? Gida ko gona a Bauchi idan ka ga dama yau ka sa dillali gobe ka samu mai saye. Ga kuma ɗawainiyar tsaro, a zamanin da masu garkuwa da mutane suke neman wanda ya yi fice.

Ba zan ce duk mai irin wannan mota ɓarawo ne ba, Allah Ya kiyaye ni da zato. Amma duniya ta ga misalan da suka isa su sa a yi tambaya. A 2019 hukumomin Suwizalan sun yi gwanjon motoci 25 da suka ƙwace daga Teodorin Obiang, ɗan shugaban ƙasar Ikwatoriyal Gini kuma mataimakinsa, aka tara kimanin dala miliyan 27, Lamborghini ɗaya a ciki ta haura dala miliyan 8, aka ce za a mayar da kuɗin ga ayyukan jin ƙai a ƙasarsa. Ɗan Nijeriyar nan Ramon Abbas da aka fi sani da Hushpuppi, wanda matasa da dama suka riƙa kallon hotunansa a Instagram yana jingine da manyan motoci, an kama shi a Dubai a 2020, kotun Amurka ta ɗaure shi shekara 11 da 'yan watanni a 2022 saboda safarar kuɗin damfara. A ƙasar da Hukumar Ƙididdiga ta bayyana a 2022 cewa mutum miliyan 133 suna cikin talauci ta fuskoki daban-daban, mafi yawansu a Arewa, tambayar inda aka samo kuɗi ba hassada ba ce.

Abin da ya fi damuna ma ba masu motar ba ne, su ƙalilan ne, kuma sun fi ƙarfin shawarata. Yaran da suka ɗauko katakon nan nake ji. Jikana mai shekara goma sha biyar ya san sunan kowace irin wannan mota da gudunta da farashinta, amma da na miƙa masa filogi na ce ya gaya mini aikinsa sai ya yi dariya. Irin wannan sha'awa ce ke fitowa a wajen kai amarya, inda samari ke karɓar motocin iyayensu suna juyi da su a tsakiyar titi suna tayar da ƙura, kuma ba sau ɗaya ba biki ya koma zaman makoki.

Saboda haka roƙona gare ka, Malam Edita, da sauran abokan aikinka masu jaridu da rediyo, shi ne idan za ku buga hoton wani attajiri ko mawaƙi ko ɗan siyasa da sabuwar motarsa ta biliyoyi, ku buga har da kuɗin juyen manta da na tayarta, ku faɗi inda ake gyara ta da gudun da doka ta yarda a yi da ita, kuma idan mai riƙe da muƙamin gwamnati ne ku tambaye shi ko ta shiga takardar bayyana kadarorinsa. Ina kuma roƙon masu hali na Bauchi da Gombe waɗanda Allah Ya sa wa son inji kamar yadda Ya sa mini, su leƙa makarantun koyon sana'a na jihohinsu, inda za su tarar da yara talatin sun kewaye mataccen inji ɗaya, kuɗin taya huɗu na waccan mota zai cika musu ɗakin aiki da kayan koyo. Jikan nawa dai na kai shi garejin tsohon ɗalibina a wannan hutu, ya fara da wanke sifanu da kananzir.

Na gode da ba ni wannan fili. Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin kanikanci,
Yelwa, Bauchi.